Tenor Saw, Mawaƙin Jamaika

'Yan'uwana ɗalibai, na daɗe ina jin muryar wani saurayi a faifai kafin in san ko wane ne. Da na bincika labarinsa, sai na ga ya kamata mu da mu ke shirin zama malamai mu ji shi.

Sunan da iyayensa suka sa masa Clive Bright, amma duniya ta san shi da Tenor Saw. An haife shi a birnin Kingston, cikin tsibirin Jamaika, a shekarar 1966. Tun yana yaro ya ke waƙa a coci.

Kafin in ci gaba, sai in bayyana wata al'ada ta mutanen ƙasar. A can, in an shirya kiɗa mai daɗi, ba mawaƙi ɗaya ke hawansa ba. Mai kamfanin faifai yakan ajiye kiɗan zalla, sa'an nan ya kira mawaƙa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗora tasa waƙar. Irin wannan kiɗa su ke kira riddim. Akwai wani mai suna Stalag, wanda Winston Riley ya fitar a 1973, Ansel Collins kuwa shi ya kaɗa molonsa na Turawa, watau ogan. A kansa Sister Nancy ta yi Bam Bam a 1982.

To, a lokacin nan akwai wani babban mawaƙi, Sugar Minott, mai ƙungiyar kiɗa da a ke kira Youth Promotion. Aikinsa shi ne jawo yaran unguwannin talakawa ya ba su dama su gwada muryarsu gaban jama'a. A hannunsa Tenor Saw ya goge.

A 1985, bai ko kai shekara 20 ba, ya hau Stalag ya yi Ring the Alarm. Kiɗan ya shekara 12 ana jinsa, amma muryar yaron mai kama da kuka ta mai da shi sabo fil. Har wa yau cikin shekarar ya yi Pumpkin Belly a kan Sleng Teng, kiɗan da Wayne Smith ya fara hawa, wanda aka ciro daga ƙaramar na'urar Casio.

Daga baya ya tafi Amurka. A watan Agusta na 1988 aka tsinci gawarsa a gefen hanya a birnin Houston. Hukuma ta ce mota ce ta buge shi ta gudu, ko da ya ke wasu abokansa ba su yarda ba. Shekarunsa 21.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, shekara huɗu kaɗai ya yi yana faifai. Da Sugar Minott ya ce masa ya jira sai ya girma, da ba mu taɓa jinsa ba. Gobe za a ba mu aji cike da yara, littafi ɗaya, murya dabam dabam. Kada mu ce wa mai basira ya dakata sai baɗi.