Malam Abdullahi na Gwandu (1766–1829): Rayuwarsa da Makomar Warƙoƙin da Ya Bari

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 babu maɗaba'a, saboda haka babu abin da ake kira bugun farko. Littafi yakan fito ne daga alƙalamin mai shi, almajirai su kwafa, wasu su kwafa daga nasu kwafin, har ya kai garuruwan da mawallafin bai taɓa takawa ba. Abin da ke da daraja irin ta bugun farko mai ɗauke da sa hannun marubuci shi ne kwafin da malami ya rubuta da kansa, ko wanda aka karanta a gabansa ya gyara ya ba da ijaza a kai. Daga cikin malaman wannan ƙasa kaɗan ne rayuwarsu ta cuɗanya da sha'anin littafi kamar ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Gwandu ko Mai Boɗinga.

An haife shi a wajen 1766, wato shekara goma sha biyu ke nan bayan haihuwar wansa Shehu Usmanu. Ya karanta Alƙur'ani a wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo, kuma yana ɗan shekara 13 aka danƙa shi ga Shehu, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da nahawu da fiƙihu da tafsiri. Daga nan ya bi malamai da dama, mafi yawansu dangi ne na kusa. Ya ji Sahihul Buhari a wurin Muhammadu ɗan Raji, ya kuma zauna gaban Malam Jibrilu ɗan Umaru tare da wansa. Ba daga bakin maroƙa aka san waɗannan abubuwa ba. Shi da kansa ya rubuta su a 1812 cikin Ida'un Nusukhi, ɗan ƙaramin littafin da ya jera malamansa da littattafan da ya karanta a gun kowannensu. Mai nazarin tarihin ilimi zai iya ɗaukar wannan aiki a matsayin jerin abin da taskokin malaman Gobir da Zamfara suka ƙunsa kafin jihadi, domin ba a karantar da littafin da babu kwafinsa a gari. Mervyn Hiskett ya gane haka, shi ya sa ya fitar da matanin da fassararsa a 1957.

Shekarun yawon wa'azi a Kabi da Zamfara sun fito da shi a matsayin mawaƙin jama'ar Shehu. Lokacin da wani malami, Mustafa Gwani, ya soki halartar mata majalisin wa'azi, Abdullahi aka umarta ya mayar da martani da waƙa bisa karin da aka yi sukar da shi. Bayan hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, mai alƙalami ya koma mai takobi. Shi ya jagoranci runduna a Tafkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi a 1805, abin da ya buɗe wa jama'a hanyar komawa Gwandu da zama. A ƙarshen shekarar aka sha kashi a Alwasa.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren rayuwarsa da ya fi cancantar a tsaya a kai. Ya ga mutanen kirki na ƙarewa a fagen fama, ya ga waɗanda suka rage sun karkata ga ganima da dawaki da ƙwarƙwarai da neman sarauta. Sai ya juya wa rundunar baya, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Bai wuce Kano ba. Jama'ar birnin, a zamanin Sarki Sulaimanu, suka riƙe shi suka nemi ya rubuta musu yadda ake gudanar da mulki bisa Shari'a, ya rubuta Diya'ul Hukkami a wajen 1807, ya kuma karanta musu tafsiri. An saba bayyana wannan tafiya a matsayin fushi na ɗan lokaci da ya huce. Amma duk wanda ya bi jerin ayyukansa na baya zai ga cewa damuwar ba ta taɓa barinsa ba. Diya'us Sulɗani da Diya'us Siyasati da sauran littattafan da ya raɗa wa suna da kalmar haske duk suna komawa ne ga tambaya guda, wato me ya raba shugabancin Musulunci da sarautar gado da aka yi yaƙi don kawar da ita. A nan ya saɓa wa wansa a kan wasu mas'aloli, irin su amfani da laƙabin sarauta da kaɗe-kaɗe da tufafin ƙawa, kuma saɓanin a rubuce yake, kowa da hujjarsa.

Ya dawo yamma. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Shehu ya koma Sifawa, shi kuma ya zauna a Boɗinga kusa da shi. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Wani abin lura shi ne a daidai wannan lokaci da nauyin mulki ya hau kansa ne ya fi duƙufa ga tattara abin da ya rubuta. A 1813 ya kammala Tazyinul Waraƙati, inda ya harhaɗa waƙoƙinsa na Larabci da suka warwatsu, ya tsara su bisa shekaru, ya bayyana dalilin yin kowace. Ta wannan fuska shi ne mutum na farko da ya fara adana ayyukan Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma da bai yi ba da tarihin yaƙe-yaƙen farko ya rasa ɗaya daga cikin manyan ginshiƙansa. Bayan shekara biyu zuwa uku ya gama babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili. Mai karanta shi zai ga Baidawi da Jalalaini da Sa'alabi da Ibnul Arabi suna bi ta cikin shafukansa, abin da ke nuna irin littattafan da ke gaban mawallafin a wani ƙauye na ƙasar Sakkwato, a lokacin da kowace warƙa sai ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi.

Shehu ya rasu a watan Afrilu na 1817. Abdullahi ya taso zuwa Sakkwato ya tarar an riga an yi wa Bello mubaya'a, an kuma rufe masa ƙofar gari. Ya juya zuwa Gwandu, aka shafe 'yan shekaru ba a ga maciji tsakanin baffa da ɗan wansa. Tawayen Kalambaina, inda ragowar mutanen Abdussalami suka taru kusa da Gwandu, shi ya kawo ƙarshen wannan zaman doya da manja a wajen 1820, domin Bello ya kawo ɗauki, bayan an ci garin kuma Abdullahi ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya saki ragamar yau da kullum ga ɗansa Muhammadu Wani da ɗan wansa Muhammadu Buhari, ya koma ga karantarwa da rubutu. A 1822 ya taƙaita tafsirinsa cikin Kifayatu Du'afa'is Sudan, bisa ruwayar Warshu da mazhabar Malikiyya kaɗai, don amfanin ɗaliban da babban ya fi ƙarfinsu. Ga kuma wasu dogayen ayyuka na waƙe a nahawu da sarfu, Albahrul Muhiɗu da Alhisnur Rasinu. Ya rasu a Gwandu a 1829, a can kabarinsa yake.

Gwandu ta ci gaba da zama garin littafi bayan rasuwarsa, kuma akwai shaida daga baƙo. A 1853 Heinrich Barth ya sauka a garin a zamanin Sarki Halilu ɗan Abdullahi. Sarkin bai yarda ya gan shi ba, amma wani jikan Abdullahi mai suna Buhari, ɗan Muhammadu Wani, ya ara masa kwafin Tarihus Sudan. Barth ya kwashe kwanaki yana tsamo abin da zai iya, ya aika Jamus, aka buga a 1855. Ya ɗauka aikin Ahmad Baba ne, alhali na Abdurrahman Assa'adi ne, amma duk da kuskuren ta wannan kwafi na Gwandu ne Turai ta fara sanin tarihin Songhai a rubuce. Littafin da aka wallafa a kan Tambutu da Jenne ya zo ya zauna a gafakar wani malami na gidan Abdullahi, kuma mai shi bai ga laifin ara wa Nasara ya karanta ba, sai dai ba a sayar masa ba.

Wannan bambanci tsakanin aro da sayarwa shi ne zuciyar al'amarin. Littafin da ba a ɗinke yake ba, warƙoƙi ne a zube cikin tadarishi, a sa a gafaka. Hakan ya sauƙaƙa wa almajirai su raba shi kashi-kashi su kwafa a lokaci guda, amma kuma ya sauƙaƙa ɓacewarsa. Idan malami ya rasu littattafansa na shiga cikin gado, kuma a kowane rabo taska na ƙara tsagewa. Zuriyar Abdullahi ba ta tsaya a Gwandu ba. Fadar ta koma Ambursa, daga baya Birnin Kebbi a 1906, 'ya'yan gidan kuma suka riƙe hakimci a garuruwa irin su Kalgo, inda Yahaya ya yi sarautar Sarkin Gobir kafin ya zama Sarkin Gwandu a 1938. Duk mai neman sawun littattafan wannan gida, idan ya taƙaita bincikensa ga garin Gwandu da Sakkwato, ya bar rabin hanya. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza ne, wato a tsakiyar yankin da ya kamata a fara ƙwanƙwasa ƙofofi.

Tattarawa ta zamani ta soma ne a shekarun 1950, lokacin da W. E. N. Kensdale ya tsara jerin rubuce-rubucen Larabci na ɗakin karatun Jami'ar Ibadan. Daga baya Gidan Tarihi na Jos da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Kaduna da shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi sahu, a Sakkwato kuma ga taskar Waziri Junaidu. Wani ɓangare na abin da aka samu hoto aka ɗauka aka mayar wa masu shi, wanda hakan adalci ne, sai dai ya bar asalin a hannun gara da ɗigar ruwa da dillalai. A ɓangaren ɗab'i, an buga Diya'ut Ta'awili a Alƙahira a 1961 cikin juzu'i huɗu, Hiskett kuma ya fitar da Tazyinul Waraƙati a Ibadan a 1963. Waɗannan su ne bugun farko a ma'anar yau. A gefe guda akwai bugun kasuwa na Kano da Zariya da Sakkwato, inda ake ɗaukar hoton rubutun hannun wani gwanin marubuci a buga a takarda mai araha, sau da yawa ba shekara ba sunan maɗaba'a. Ɗakunan karatu sun raina irin wannan bugu ba su tara shi ba, ga shi kuwa ta hanyarsa ne mafi yawan almajirai suka san Abdullahi.

Da zarar kuɗi ya shiga, sai da'awa ta yi yawa. Ba wuya a ji an ce kwafi kaza rubutun hannun Mai Gwandu ne, kuma hujjar da akan kawo ita ce shekarar da ke ƙarshen littafin. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin masu kwafa sukan ɗauko jawabin rufewa na mawallafi yadda yake, har da ranar da ya gama, ko da bayan shekara hamsin suke rubutu. Takardar ta fi shekarar gaskiya. Mafi yawan abin da aka yi rubutu a kai a wannan yanki daga arewacin Italiya ya fito, mai alamar jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga warƙa ga haske, kuma iyalin Galvani na Pordenone na cikin manyan masu yin ta. Idan tambarin da ke jikin warƙa na masana'antar da ta fara amfani da shi bayan 1829 ne, magana ta ƙare.

Ga masu nazarin Hausa matsalar ta fi tsanani. Ayyukansa na Larabci suna da kariya, saboda ya ambaci wasu a cikin wasu, John Hunwick kuma ya bi diddigin kwafe-kwafensu a kundinsa na 1995. Waƙoƙin ajami da ake jingina masa, irin su Waƙar Sira da Hiskett ya tattauna a 1975 da waɗanda Bello Sa'id ya tattara a kundin digirinsa na 1978, ba su samu shiga Tazyinul Waraƙati ba, domin Larabci kaɗai ya tara a ciki. Sun iso ne ta bakin makafi masu bara da kwafe-kwafen baya, a cikin al'adar da fassara daga Fulatanci zuwa Hausa ta zama ruwan dare, kamar yadda Nana Asma'u ta mayar da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu zuwa Hausa bayan rasuwarsa. Saboda haka kafin a kafa hujja da ɗaya daga cikinsu a kan Hausar Gwandu ta farkon ƙarni na 19, sai an jera kwafe-kwafenta an gwada, an duba takardar kowanne da hannun da ya rubuta shi, an kuma san gidan da ya fito da yadda ya shiga hannun wanda ke riƙe da shi a yau.