Janaki Ammal, Matar da Ta Ƙidaya Zaren Gadon Tsirrai

A gonarmu ta Ruma, gero da kyasuwa tare suke tashi, kuma tun suna ƙanana sai mai ido ke rarrabe su. Na daɗe ina mamakin yadda 'yan'uwa za su yi kama haka, ɗaya ya cika rumbu, ɗaya ya ƙare a bakin jaki. A darasin kimiyya na sami bakin zaren. Cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai waɗansu 'yan zarurruka masu ɗauke da gado, ana ce da su kuromozom. Gero na da 14, kyasuwa kuwa 36 ko 54. A nan na fara jin sunan Janaki Ammal, wadda ta ƙare rayuwarta wajen wannan ƙidaya.

An haife ta a Talasheri, kudancin Indiya, ran 4 ga Nuwamba, 1897. Danginta ba su cikin waɗanda ake girmamawa a tsarin asali na ƙasarsu, ga ta kuma mace. Duk da haka ta bi karatu har Jami'ar Mishigan ta Amurka, ta sami digirin dakta a 1931.

Daga 1934 ta kama aiki a tashar binciken rake ta Koyimbato. A lokacin rake mai zaƙi ba ya jure wahalar ƙasar Indiya, na daji kuwa ga juriya amma ba zaƙi. Ta duƙufa kan madubin ƙara girma tana ƙidaya. Mai zaƙin 80 gare shi, amma na daji adadinsa ba ɗaya ba ne, wani 48, wani 64, wani fiye. Wannan sani ya taimaka wajen zaɓen irin da za a aurar da wani. Har rake da masara ta haɗa, abin da ni kam da a bakin kasuwa na ji shi sai in ce tatsuniya ce.

A 1940 tana Ingila, bama-baman Jamus na zuba a London, ita tana ƙidayarta. A 1945 ita da Darlington suka fitar da littafi mai jera adadin kuromozom na tsirran da ake nomawa.

Firayim Minista Nehru ya kirawo ta gida don ta gyara hukumar binciken tsirrai. Ba ta taɓa aure ba. Ta rasu a Madras ran 7 ga Fabrairu, 1984, tana da shekara 86, ba ta ajiye aiki ba.