WALI ƊAN MASANI: MALAMIN DA UNGUWAR MASANAWA TA CI SUNANSA

'Yan'uwa Musulmi, a filinmu na wannan mako za mu waiwayi tarihin ɗaya daga cikin waliyyan Katsina, wato Shehu Muhammadu Ɗan Masani.

An haife shi a birnin Katsina a shekarar 1595, daidai da 1003 ta Hijira. Kakanninsa mutanen Barno ne, don haka ake rubuta Albarnawi da Alkashinawi a ƙarshen sunansa. Ya buɗi ido ya tarar da Katsina ta riga ta zama matattarar malamai. Shehu Magili ya sauka a cikinta wajen shekara ɗari kafin haihuwarsa, haka kuma Wali Ɗan Takum ya riƙe alƙalancinta har ya rasu. Ɗan Masani ya yi zamani da Wali Ɗan Marina, an kuma ruwaito cewa a gabansa ya yi karatu.

Da ya tumbatsa, sai ya zauna yana karantarwa yana wallafa littattafai cikin Larabci. Daga cikinsu akwai Annafhatul Anbariyya, sharhin Ishiriniyar Alfazazi mutumin Andalus, wadda har yau ake rera ta a zaurukanmu lokacin Mauludi. Akwai kuma Buzugush Shamsiyya, sharhin Ashmawi, littafin fiƙihun Malikiyya wanda almajiri yakan ɗauka tun yana farkon karatun ilimi. Mai lura zai ga cewa Shehu ya karkata ga littattafan da ke hannun jama'a kullum, domin mai karatu ya san ma'anar abin da bakinsa ke faɗa.

Sunansa ya kai nesa da Katsina. Malaman ƙasar Yarabawa sun nemi fatawa game da yadda ake tabbatar da faɗuwar rana, wadda a kanta sallar Magariba da buɗa-bakin mai azumi suka rataya, ya kuwa amsa musu da littafi guda. Wannan shaida ce cewa tun ƙarni na 17 akwai Musulmi masu neman ilimi a can kudu, kuma Katsina na daga cikin wuraren da suke dubawa. Ana kuma jingina masa wani littafi a kan labarin ƙasar Yarabawa, Azharur Ruba, wanda masana ke lissafawa cikin waɗanda suka ɓace. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a cikin Infaƙul Maisuri, a sahun malaman ƙasar nan.

Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1667, wato 1078 ta Hijira, yana da shekara 72. Unguwar Masanawa da sunansa ake kiranta, sunan nan kuma ya zama sarauta a ƙasar Hausa, kamar wadda marigayi Alhaji Yusuf Maitama Sule ya riƙe a Kano.

To, 'yan'uwa, ga abin da ya sa na ɗauko wannan tarihi. Na taɓa tambayar ɗalibaina na Larabci a nan Ƙofar Kwaya ko wane ne Ɗan Masani. Duk sun san hanyar Masanawa, sun san waliyyi ne, amma ba wanda ya iya kawo sunan littafinsa ko ɗaya. Gadon malami kuwa iliminsa ne. Idan littafi ɗaya ya riga ya salwanta, me zai hana saura su bi shi, alhali suna ƙunshe cikin gafaka, gara da ɗanshi na cinsu?

Saboda haka ina kira ga gidajen malamai da ke riƙe da tsofaffin takardu da su fito da su a kwafa, a buga, a fassara da Hausa, a sa a makarantun Islamiyya. Allah Ya jiƙan Shehu Ɗan Masani, Ya amfane mu da iliminsa, amin.