Margaret Dayhoff, Matar Da Ta Yi Wa Furotin Kundi

An haifi Margaret Dayhoff a Filadelfiya ta Amurka a 1925. Ta sami digirin dakta kan sinadarai a Jami'ar Kolombiya a 1948, ta yi aikin ɗakin gwaji a Cibiyar Rockefeller, daga bisani ta koma ga kwamfuta. A 1965 ta fitar da kundin jerin furotin 65. Da yake katin kwamfutar wancan zamani ba ya cin rubutu da yawa, sai ta yi irin dabarar 'yan kasuwarmu na Bracodi a littafin bashi: kowane sinadarin amino, harafi guda. Da haruffan nan masana suka riƙa bayyana rikiɗar ƙwayar korona, wadda ta sa aka rufe mana iyakoki a 2020. Ta rasu a 1983.