Dokta Harvey Wiley, Likitan Da Ya Yaƙi Masu Algus A Amurka

Jama'armu da ke neman abinci a Agege, Sabon Ibadan da Shagamu, mafi yawanmu da abincin saye muke rayuwa, ba mu san hannun da ya haɗa shi ba. Saboda haka a wannan mako muka ga ya kamata mu kawo muku tarihin wani Ba'amurke wanda ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da masu algus.

An haifi Harvey Wiley a shekarar 1844 a wata gona cikin Jihar Indiyana. Ya yi aikin soja a yaƙin basasar ƙasarsu, sa'an nan ya karanta aikin likita, amma hankalinsa ya fi karkata ga ilmin sinadarai. A 1878 ya tafi Jamus ya ga yadda ake auna abinci a gane na kirki da na jabu. Da ya komo sai hukumar lafiya ta jiharsu ta ba shi zuma da ruwan sukari na kasuwa ya auna. Abin da ya tarar ya ba shi mamaki, don da yawa daga abin da ake kira zuma, ruwan sukarin masara ne kawai.

A zamanin nan lamarin ya yi muni. Masu madara ba su tsaya ga surki da ruwa ba, har fomalin suke zubawa, watau maganin da ake yi wa gawa don kada ta ruɓe, saboda madara ta daɗe ba ta lalace ba. A birnin Indiyanapolis jarirai sun mutu a gidan marayu ta wannan hanya. Nama kuwa a barbaɗa masa boraks, wani farin gari mai kama da kanwa. Jihohi da birane suna da 'yan dokokinsu da ma'aikatan duba kasuwa, amma ikon kowa iyakarsa ƙasarsa. In kaya sun fito daga wata jiha, sai dai a kama ɗan tireda, mai masana'anta yana can yana barcinsa.

A 1883 aka naɗa Wiley babban masanin sinadarai na Ma'aikatar Gona a Washinton. Ya yi ta rubuta rahoto, Majalisa tana turawa gefe, don masu masana'antu suna da dogon hannu. Da ya ga takarda ba ta yi ba, a 1902 sai ya sake dabara. Ya sami samari 12 waɗanda suka yarda da bakinsu, ya buɗe musu ɗakin cin abinci a ƙarƙashin ofishinsa, kullum ana ba su waɗannan magunguna tare da abinci. Ana auna nauyinsu, ana duba fitsarinsu da bayan gidansu. Wasu suka kama ciwon ciki, wasu ciwon kai da amai. Yau kam da wuya hukuma ta yarda a yi irin wannan gwaji a kan mutane, amma ya yi aiki. Jaridu suka yi ta yayatawa, ƙungiyoyin mata suka tashi tsaye.

Ran 30 ga Yuni 1906 Shugaba Theodore Roosevelt ya sa hannu a dokar tsabtar abinci da magunguna, wadda ta shafi duk kayan da ke ƙetare iyakar jiha. To, ashe yin doka daban, zartar da ita daban. Da Wiley ya taɓa sakarin, sai suka ɓata da shugaban, wanda shi kansa yana amfani da shi bisa shawarar likitansa. Aka kafa wani kwamitin masana a bisa kansa. Gwamnati ta kai kamfanin Coca-Cola ƙara a kan sinadarin kafin da ke cikin lemonsu, amma ta sha kaye a kotun farko a 1911.

A 1912 ya gaji ya ajiye aiki, ya koma mujallar Good Housekeeping yana auna kayan kasuwa yana faɗa wa matan gida abin da ya gani. Bai yi aure ba sai da ya kai shekara 66, ya kuwa sami 'ya'ya maza biyu. Ya mutu ran 30 ga Yuni 1930, shekara 24 cif da ranar da aka sa hannu a dokar.