Georg Simon Ohm

Georg Simon Ohm (16 ga Maris 1789 – 6 ga Yuli 1854) masanin fiziks da lissafi ne ɗan ƙasar Jamus. Shi ne ya gano dokar lantarki da ake kira Dokar Ohm, kuma da sunansa ake kiran ma'aunin turjiyar lantarki, wato ohm (Ω).

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Erlangen. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya ilmantar da kansa, shi ne kuma ya koya wa Georg da ƙanensa Martin lissafi a gida. Ohm ya shiga Jami'ar Erlangen a 1805, amma ya bar ta bayan zango uku ya tafi Suwizalan koyarwa. Daga baya ya dawo ya samu digirin digirgir a 1811.

Bincike

A 1817 ya fara koyarwa a wata makarantar sakandare a birnin Kolon, inda ya yi ta gwaji da wayoyi masu tsawo da kauri daban-daban. Ya gano cewa yawan wutar da ke bi ta waya yana ƙaruwa daidai da ƙarfin da ke tura ta, yana kuma raguwa gwargwadon turjiyar wayar. Ya bayyana hakan a littafinsa na 1827.

Malaman Jamus da dama ba su karɓi aikin ba, har Ohm ya ajiye aikinsa na Kolon ya shafe shekaru cikin ƙuncin rayuwa. Sai a 1833 ya samu aiki a kwalejin fasaha ta Nuremberg. A 1841 ƙungiyar Royal Society ta Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley, a 1852 kuma ya zama farfesan fiziks a Jami'ar Munich. A birnin Munich ya rasu yana da shekara 65.

Tasiri

A 1881 taron masana lantarki a Paris ya amince da ohm a matsayin ma'aunin turjiya. Da shi bakanike ke duba kayan da ke ba mota wuta: yakan ɗora mita a kan kwayil ko wayar fulogi ya karanta turjiyarsu. Naɗin farko na kwayil yakan nuna ohm ƙalilan, na biyu kuma dubbai. Idan adadin ya yi ƙasa ainun da abin da kamfanin motar ya ƙayyade, naɗin ya haɗe; idan mitar ta nuna turjiya marar iyaka, wayar ta tsinke daga ciki.