Shehu Usmanu ɗan Fodiyo: Malamin da Ya Ƙi Zinariyar Sarki

Ya dace a waiwayi rayuwar magabata waɗanda mulki ya zo hannunsu amma bai mallaki zukatansu ba. Daga cikinsu babu wanda sunansa ya bazu a ƙasashen Sudan ta tsakiya kamar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Galibin mutane sun san shi da jihadi da kafa daula, amma abin da ya riƙe rayuwarsa tun daga ƙuruciya har zuwa kabari shi ne tawakkali, wato sakankancewa cewa arzikin duniya da tsiran lahira duka suna hannun Allah, ba hannun wani mahaluki ba.

Asali da neman ilimi

An haifi Usmanu a watan Disamba na shekarar 1754, daidai da 1168 bayan Hijira, a garin Maratta na ƙasar Gobir, wanda a yau yake cikin Jamhuriyar Nijar, kusa da Galmi a jahar Tawa. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo malami ne daga Fulanin Toronkawa, sunan mahaifiyarsa Hauwa'u. Yana ƙarami gidansu ya koma Degel, a nan ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsa. Daga nan ya bi malamai ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da danginsa Usmanu Binduri da Muhammadu Sambo, waɗanda ya ɗauki ɗabi'ar tsoron Allah da gudun duniya daga gare su.

Babban malaminsa shi ne Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda ya bi har Agadas ya zauna tare da shi. Da Malam Jibrilu ya ɗaura niyyar tafiya Makka, almajirin ya so ya bi shi, amma ba shi da izinin mahaifi, saboda haka ya juyo gida. Allah bai ƙaddara masa zuwa hajji ba har ƙarshen rayuwarsa. Ya karɓi wannan hukunci da haƙuri, ya mai da hankalinsa ga aikin da ke gabansa.

Yana da kimanin shekara 20 ya fara wa'azi a Degel, wajen 1774. Ya zaga Kabi, ya yi shekaru a Zamfara, yana karantar da manoma da makiyaya da harshen da suke ji, Hausa da Fulatanci. Ya buɗe majalisinsa ga mata duk da sukar da wasu malamai suka yi masa, domin a ganinsa barin mace cikin jahilci shi ne babban laifi. A zamanin da malamai da yawa ke cin abinci a ƙofar fada, shi ya nisanci fada. Masu ba da tarihinsa sun ruwaito cewa da tufkar igiya yake samun abin da zai ci, kuma tufafinsa ba su wuce riga da wando da rawani ba.

Ranar Magami

Jarrabawa ta farko mai girma ta same shi wajen 1788, a zamanin Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo, sarkin da ake shakkarsa daga Zamfara har Katsina. Da Babbar Salla ta zo, Sarki ya tara malaman ƙasarsa a Magami, ya raba musu kyaututtuka. Abin da aka ware wa Shehu shi ne miskali 500 na zinariya, dukiyar da za ta ishi malami da iyalinsa da almajiransa shekaru masu yawa.

Shehu ya miƙe a gaban taro ya bayyana cewa shi da jama'arsa ba su da bukatar dukiyar Sarki. A maimakonta ya roƙi abubuwa biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kuma kada a nauyaya wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka biyar.

Duk wanda ya dubi waɗannan bukatu zai ga babu ko ɗaya da ta shiga aljihun mai roƙon. Uku na addini ne, biyu na talaka ne. Da ya karɓi zinariyar, da bakinsa ya yi nauyi a gaban Sarki, domin hannun da ya karɓa ba ya iya nuna laifi. Saboda ya yarda cewa Mai ciyar da shi ba ya zaune a Alƙalawa, ya sami damar yin magana a madadin fursuna da mai biyan haraji. A wannan rana tawakkalin mutum ɗaya ya zama ƴancin mutane da yawa.

Hijira da shekarun yunwa

Bayan rasuwar Bawa al'amura suka sauya. Sarki Nafata ya kafa dokar hana wa'azi ga kowa sai Shehu kaɗai, ya hana maza naɗa rawani, mata kuma lulluɓi. A zamanin ɗansa Yunfa rikici ya tsananta, har aka kai hari Gimbana, garin Abdussalami almajirin Shehu, aka kama mutane. Ranar 21 ga Fabrairu 1804, Shehu ya bar Degel da jama'arsa zuwa Gudu, a bakin iyakar Gobir. Cikin rani aka yi tafiyar, aka bar gidaje da gonaki. Abin da ya fi kulawa da shi a cikin kaya shi ne littattafansa, waɗanda wani Buzu mai suna Agali ya taimaka aka ɗora wa raƙuma. A Gudu jama'a suka yi masa mubaya'a a matsayin Amirul Muminina.

Nasarar Tabkin Kwatto ta zo a watan Yuni na 1804, amma abin da ya biyo baya ya fi ɗaci. A ƙarshen shekarar, a Tsuntsuwa, aka kashe kimanin mutum 2,000 daga jama'arsa, cikinsu har da mahaddatan Alƙur'ani wajen 200. Yunwa da cuta suka auka wa sansani, dabbobi suka ƙare. A 1805 aka sake shan kashi a Alwasa, abokan gaba suka kai har bakin Gwandu. Mutane da yawa suka janye jiki.

A nan ne ake ganin cewa tawakkalin Shehu ba zaman jiran tsammani ba ne. Ya matsar da jama'a zuwa Zamfara inda ake samun hatsi, ya aika da wasiƙu ga sarakuna, ya ba da tutoci ga almajiransa a ƙasashe daban-daban. A tsakiyar wannan ƙunci, a 1806, ya kammala littafinsa Bayanu Wujubil Hijra. Yakan yi duk abin da ɗan Adam zai iya, sa'an nan ya bar sakamako ga Ubangiji. A watan Oktoba na 1808 Alƙalawa ta faɗi, Yunfa ya mutu a fagen fama.

Jarrabawar wadata

Wahala ta wuce, sai jarrabawar da ta fi ta wuya ta iso, wato samu. Ganima da bayi da filaye suka cika hannun mayaƙa, yaƙin kuma ya jefa mutane masu yawa cikin bauta da gudun hijira. Tun a 1807 ƙaninsa Abdullahi ya ga son duniya ya shiga zukatan wasu, har ya bar rundunar da nufin tafiya Makka, sai mutanen Kano suka tsai da shi. Daga gabas kuma, bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808, Shehu Muhammadul Aminu Alkanemi ya rubuto yana tambayar hujjar yaƙar Musulmin Barno. Ƙasar Muniyo, wadda daga baya Muniyoma Koso ya mai da Gure babban birninta, tana ɓangaren Barno ne a wancan zamani. Muhammadu Bello bai ɓoye wannan muhawara ba, ya adana wasiƙun a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, har yau malamai na karanta hujjojin ɓangarorin biyu.

Shi kuwa Shehu, da daula ta kafu, bai gina fada ba. Ya zauna a Sifawa yana karantarwa da rubutu. A 1812 ya raba gudanar da mulki tsakanin ɗansa Bello a gabas da ƙaninsa Abdullahi a yamma, ya koma ga allo da tawada da wuridinsa na Ƙadiriyya. Mutumin da ya ƙi miskali 500 yana matashi bai canza ba a ranar da taskokin sarakuna suka zo ƙarƙashin ikonsa. A rubuce-rubucensa na wannan lokaci ya yi ta jan kunnen masu mulki game da cin hanci da ƙwace dukiyar talaka.

Rasuwa da abin da ya bari

A 1815 ya koma Sakkwato. Bayan doguwar jinya ya rasu ranar 20 ga Afrilu 1817, aka binne shi a inda ake kira Hubbare, wanda har yanzu ake ziyarta daga Nijar da Najeriya da wasu ƙasashe. Ya bar littattafai fiye da ɗari da waƙoƙi masu yawa, ya kuma bar ƴaƴa masana irin su Bello da Nana Asma'u, wadda ta shirya karatun mata ta hanyar ƴan taru har zuwa rasuwarta a 1864.

Mutanen Gure sun san ma'anar dogaro ga Allah ba daga littafi kaɗai ba. Manomin da ke shuka gero a kan tudun rairayi da ruwan farko, da makiyayin da ya rasa garke a farin 1973 da na 1984 ya sake farawa da akuya biyu, da mai dabino da ke kare kwarinsa daga yashi, duk sun ɗanɗana ta. Abin da rayuwar Shehu ke ƙarawa a kai shi ne rabon masu rawani: shugaban da ya yarda cewa arzikinsa na wurin Allah ba ya neman sa a rumbun talakansa, kuma yana iya faɗin gaskiya a gaban wanda ya fi shi ƙarfi.

Allah Ya jiƙan Shehu Usmanu da Shehu Laminu da sarakunan Muniyo da suka gabata. Ya ba masu riƙe da sarauta adalci da wadatar zuci, Ya ba ƙasa damina mai albarka, Ya sa mu cika da imani. Amin.